Ranar da Aka Zo Aron Bakina Don Jirgi Ya Tashi

Shekarun baya, lokacin gwiwar nan tawa ba ta fara yi mini tsiya ba, an yi wani abu a gidana na Kawo wanda har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina. Surukata ce ke danna muku wannan a waya, don ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin salla. Na dai gargaɗe ta kada ta shafa wa maganata mai, yadda na faɗa haka za ta sa.

Ɗana na fari gyaran jirgin sama yake yi. Da ya fara aikin, in mata suka tambaye ni a gidan biki sai in ce bakanike ne, su kuma su ɗauka irin na bakin tasha ne, masu kwanciya ƙarƙashin mota. Wata maƙwabciyata har injin markaɗenta ta aiko a duba mata. Ya kuwa zauna ya duba. Ni kaina ban taɓa shiga jirgi ba. Iyakata da shi in ji ƙararsa ta saman gida, kaji su watse, ni in yi salati. Abin da na sani game da aikin bai wuce wanda nake gani a jikin yaron ba. Ko famfo ya gyara mini, sai ya shimfiɗa tsumma ya jera ƙarafunansa, in ya gama ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ko ruwa ba zai sha ba sai ya ga kowanne ya koma wurinsa. Ni a lokacin iyayi na ɗauke shi.

A wani kamfani yake, mai ƙananan jirage irin waɗanda masu hali ke ɗauka shata. Ƙanin mijina ne ya yi masa hanya. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a Doka, ya san mutane, kuma shi da mai kamfanin masallaci ɗaya suke salla. Tun da mijina ya rasu shi ne uba a gidan, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya tsaya mana.

Sai na faɗa muku wani abu kafin in ci gaba, don yaran yanzu ba lalle ku gane ba. A tarbiyyar da aka yi mana, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa. In dangin uba suka kawo ƙararsa, ko shi ke da gaskiya, abin da za ki ce shi ne, "Ɗanku ne, ku yi yadda kuka ga dama da shi." Ita ce kara. Ni kuwa duk dangi an san ni da ita, har misali ake yi da ni. An kuma san yaron bai taɓa tsallake maganata ba. In na ce zauna, ko a kan ƙaya ne zai zauna. Ashe waɗannan abubuwa biyu wani ya adana su a ransa, yana jiran ranar amfaninsu.

Wata Juma'a da hantsi ina tsakar gida ina tsince wake, sai na ji sallama. Ƙanin mijina ne, tare da malamin da ya koya wa yaron karatun allo, tsoho mai mutunci wanda ba ya yawon gidaje. Ƙanin mijin nawa riƙe da leda, na hango turmin atamfa da ƙullin goro. Mutumin da ko ranar Salla hannu na dukan cinya yake zuwa.

"Hajiya, barka da hantsi."

Na ɗago na dube shi. Tun da na shigo gidansu mutumin nan Matar Yaya yake ce mini, kuma ya fi kowa sanin ban je Makka ba. Na ce a raina, yau akwai magana.

"Alhaji, yaushe na sauka ban sani ba?"

Ya yi dariya. "Ai kamar kin je ne. Shimfiɗa mana tabarma ki ji."

Aka gaisa, aka tambayi jikoki, aka tambayi gajiya. Sannan ya fara zagaye. Wai mai kamfanin mutumin kirki ne, duk shekara yana ba iyayen ma'aikatansa kujerar Makka, bana kuma sunana ya ambata da bakinsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta yi tsalle. Har na hango kaina da haƙorin Makka, ina yi wa matan layinmu murmushi ba gaira ba dalili. Na kai hannu na ɓare goro ɗaya na jefa a baki.

"Sai dai," in ji shi, "ɗan naki yana neman ya zubar mana da mutunci."

Sai ga maganar ta fito. A ranar za a ɗaura auren ɗan mai kamfanin a Sakkwato, bayan an sauko daga masallaci. Manyan baƙi suna zaune a filin jirgi da manyan riguna, jirgi ya sha mai, direbobinsa sun shirya, yaron nan ya ce ba inda za shi. Wai a dokar aikinsu in an taɓa injin jirgi, sai mai lasisi ya sa hannu cewa lafiya lau ne kafin ya tashi. Ranar kuwa shi kaɗai ne mai lasisin a wurin.

Na ce, "Me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace! Shi ne abin haushin. Wani ɗan ƙarfe ne ya ɓata, wallahi bai kai ɗan yatsanki ba. Na yi masa magana a matsayina na uba, ya ce in yi haƙuri. Ni zai ce wa in yi haƙuri! Mai kamfanin kuwa ya rantse, in jirgin nan bai tashi ba to yaron ya gama ci a wurinsa. Ke kaɗai ce ba ya musu da ke. Kalma ɗaya za ki faɗa, Hajiya. Ki ce kin umarce shi."

Kafin ya rufe baki ya riga ya danna lamba, ya miƙo mini wayarsa.

Na saci kallon Malam. Kansa a ƙasa, carbi a hannu, amma na lura ya daina ja.

Kara ta taso mini har wuya. Bakina ya riga ya ɗauko "ɗanku ne", saura in saki. Abin da ya tare ni wani hali ne da marigayi ya yi ta ƙorafi a kai har ya koma ga Allah: ni ba na cinikin biri a sama. Ko manja zan saya sai na ɗanɗana. Na karɓi wayar.

"Kai, me nake ji haka?"

"Inna?" in ji shi. "Wayar Baffa ce wannan. Suna wurinki?"

"Ni ke tambaya. Wane ƙarfe ne?"

Ya sauke numfashi. Ya ce sun buɗe injin gefe ɗaya sun yi aiki sun rufe. Kowane ƙarfe da suke aiki da shi yana da gurbinsa a akwati, an yanka masa daidai jikinsa, don in babu shi ido ya gani nan take. Da suka zo mayar da kaya, gurbi ɗaya wayam. Ɗan kan safana ne. Sun share ƙasa, sun juye shara, sun leƙa ko'ina, babu.

Ni da wayona sai na ce, "To ba sai a sayo wani ba? Nawa yake?"

"Inna, ba kuɗinsa ba ne. In ba ya ƙasa, ba ya akwati, to zai yiwu yana cikin injin. Abin da ke juyawa a ciki ya fi ƙiftawar ido sauri. In ya kama ƙarfen nan suna sama, babu gefen titin da za a tsaya."

"Ka tabbata yana ciki?"

"Ban tabbata ba. Ban kuma tabbata ba ya ciki ba. Sai mun sake kwance wurin mun gani da idonmu, shi kuwa zai kai mu yamma."

Sai na gane. Ni ma in allura ta ɓace mini a tabarma ba na ajiye jariri a kai sai na gan ta, ko da kuwa mutum goma sun rantse mini iska ta ɗauke. Ina cikin wannan tunani na ji ya ƙara magana, da wata murya da rabona da jin ta tun yana ɗan makarantar allo.

"Inna, don girman Allah kada ki umarce ni. Ban taɓa ce miki a'a ba. Ban ma san yadda ake faɗa ba."

Mutum mai gemu, mai 'ya'ya, muryarsa na rawa a gaban abokan aikinsa. A nan ne raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yin irinsa ba. Wato an gwada shi da tsawa bai motsa ba, an gwada shi da kora bai motsa ba, an gwada shi da uba bai motsa ba. Shi ne aka zauna aka yi shawara, ina ne yaron nan yake da taushi? Aka ce uwarsa. Aka sayo atamfa.

Na ce, "Ka karya?"

"A'a, Inna."

"Nemi abin da za ka sa a cikinka, ka koma neman ƙarfenka. Aikin nan ba ni na koya maka ba, ba ni zan sauya maka shi ba. Allah ya yi maka albarka."

Na ajiye wayar a kan tabarma.

"Matar Yaya!"

"Au, har na dawo daga Makkan?"

"Kin san abin da kika yi kuwa? Kin yanka masa aiki da hannunki! Ina karar da aka san ki da ita? A gabana kike shigar wa ɗan fari?"

Na ce, "Alhaji, kara tsakanina da ku ce, a kan abin da na haifa. Ka ce kada ya ƙara taka gidan nan, zan yi shiru. Ka ce ya durƙusa a rana, zan shige ɗaki in ja labule. Amma mutanen da za su shiga jirgin nan ba ni na haife su ba. Ba ni da ikon yin kara da ransu."

"Rai a hannun Allah yake! Ajali in ya zo, ko a kan gado kake sai ka tafi."

"Gaskiya ne. To me ya sa kake haɗiyar maganin hawan jini kullum safe, har ka hana matarka sa gishiri a miya, mu da muke zuwa gidanka muna cin lami?"

Sai ya sauke murya, kuma abin da ya faɗa daga nan ya shige ni, don ba ƙarya a ciki. Ya ce in tuna matar yaron da 'ya'yansa, da haya, da makaranta. Ya ce shi da furfurarsa ya je ya zauna a zauren mutumin nan sau ba adadi kafin a ɗauki yaron, yanzu da wane ido zai dube shi a sahu? Ya ce aikin jirgi ba irin na kasuwa ba ne da za a bar wannan rumfa a koma waccan. Na zuba wa waken da ke cikin faifai ido, maganarsa na cina. Amma ban ɗauki wayar ba.

Malam ne ya yi gyaran murya.

"Alhaji, ce mini ka yi saɓani ne tsakanin yaro da ubangidansa, mu zo a yi sulhu. Ba ka ce mini da rayuka a ciki ba."

"Malam, ai duk ɗaya ne..."

"Ba ɗaya ba ne." Ya dafa bango ya miƙe, yana laluben takalmansa da ƙafa. "Da ta umarce shi ina zaune a nan, da da ni aka yi. Allah ya kiyaye ni, ya kiyaye ta."

Ƙanin mijina ya ce ya jira a kai shi a mota, tsohon nan ya ce ƙafafunsa sun san hanya. Ƙanin mijin nawa ma ya tashi a fusace, yana kaɗa riga. Na ce, "Ka manta ledarka." Ya dawo ya fizga. Goro ɗaya dai na riga na tauna, wannan kam sai a Lahira.

Jirgi bai tashi ba. Wasu baƙin suka kama hanya a mota, suka isa an watse. Wasu suka koma gida da manyan rigunansu. Su yaron suka kwance inji har yamma, ba su ga komai a ciki ba. Ƙarfen sai washegari ya bayyana. Ashe yana aljihun rigar aikin wani abokin aikinsu da ya tafi da ita gida, matarsa ta tsince shi wurin wanki. Mutumin da ƙafarsa ya kawo.

Kun ga inda abin ya fi ciwo. Da a cikin injin aka same shi, da kowa ya zo yana sa albarka, da an ce yaro ya ceci manya. Da yake a aljihu yake, sai ya zama abin dariya. A dangi aka sa masa injiniyan aljihu. Na je wani suna a Doka, ina shiga ɗaki na ji wata na cewa, "An hana jirgi guda tashi a kan abin da ke cikin bahon wanki," suka kwashe da shewa, suna ganina suka kama gaishe ni. Na zauna na ci shinkafarsu, don ba ita ta yi mini laifi ba, amma ban amsa gaisuwar kowa ba.

Mai kamfanin ya nemi a faɗa masa ko aljihun wa. Yaron ya ƙi. Ya ce in aka kori wanda ya kawo da kansa, gobe duk wanda ya tsinci ƙarfe a aljihunsa kwata zai jefa shi ya yi shiru, a bar mutane suna tashi a kan jahilci. Wannan ya ƙara wa wutar fetur. Ba a kore shi a kan maganar jirgi ba, don sun san ba za ta faɗu a gaban hukuma ba. Jira aka yi ƙura ta lafa, aka ce ana rage ma'aikata, shi aka fara ragewa. Kujerar Makka kuwa ban sake jin ɗuriyarta ba.

Yaron da iyalinsa suka saki gidan hayarsu na Kinkinau suka dawo wurina, muka cushe. Mutumin da ke buɗe cikin jirgi ya koma gyaran janareta a ƙofar gida. Aka cire yara daga makarantarsu aka mayar da su wata. Ranar da babbar ta tambaye ni, "Inna, me ya sa ba za mu koma wurin ƙawayenmu ba?" banɗaki na shiga na yi kukana, na wanke fuska na fito na yi mata faɗa a kan ɗankwali. Surukata kuwa, wadda ta fi kowa haƙƙin ta yi mini gori, ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta ce Inna ke kika ja mana ba. Ɗinki ta kama. Ga ta nan tana rubutawa tana cewa in bar wannan wurin, na ce sai ta sa.

Wata rana da la'asar yana zaune cikin baƙin mai, na kasa daurewa. Na ce, "Kai, da ka san a aljihu yake fa?"

Ya ce, "Da na sani da na sa hannu, Inna, da gudu ma. Ban sani ba ne. Gobe ma in ban sani ba, haka zan yi."

Na ce, "To." Ban sake tayar da maganar ba.

An daɗe kafin Allah ya buɗa masa. Ya samu wani aikin jirgin, amma ba a Kaduna ba, can nesa inda sai Salla da Salla nake ganinsa. Iyalinsa suna nan tare da ni, shi yana can. Kada wani ya ce muku gaskiya kyauta ce. Ni da tsufana nake biyan tawa, da kujerarsa da ba kowa a kai in an zauna cin tuwo.

Abin da ya zauna mini a rai har yau ba korar ba ce. Arziki na Allah ne. Ba kuma dariyar matan suna ba ce, don wadda ba ta san abu ba dole ta yi dariya. Abin da ke ƙona ni shi ne, Allah ya ba uwa wata magana da ɗa ba ya iya tsallakewa, ya ba ta don ta tsare shi daga wuta, sai wasu suka ga ai mabuɗi ce, za a iya aro ta a buɗe ƙofar da doka ta kulle. Kuma ba jahilai irina suka yi ba. Mutanen da suka san dalilin dokar ne, waɗanda in su za su hau jirgin wani, so suke a duba shi har ƙusa. Ku mata 'yan'uwana masu 'ya'ya a asibiti, da masu tuƙi, da masu gini, da masu irin aikin ɗana: duk ranar da aka shigo miki da leda ana kiranki da sunan da ba naki ba, ana cewa kalma ɗaya za ki faɗa, ki tambaya ran wa ke ƙarƙashin kalmar.

Ƙanin mijina ya yi shekaru ba ya taka gidana. A taro sai dai mu gaisa sama-sama. Ana gab da wani azumi sai ga shi, ya tsufa, da sanda. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Matar Yaya, azumi ya matso, kowa na neman gafara. Ki yafe mini abin da ya wuce."

Na ce, "Wanne daga ciki?"

Ya ce, "To, da na ƙara tsayawa, wataƙila da yaron bai rasa aikinsa ba."

Na dube shi da kyau, na ga har ga Allah iyakar abin da ya gani kenan. Na ce wannan na yafe, duniya da Lahira. Na sa aka kawo masa kunu, ba gishiri ba sukari, ya sha, muka yi hirar waɗanda suka mutu, na raka shi har zaure.

Ɗayan laifin kuwa, na aron bakina, wanda bai roƙa ba, ina nan ina fama da zuciyata a kai. Kullum na idar da salla sai in ce yau zan sake shi. Sai in ji muryar yaron nan a waya yana cewa kada in umarce shi, in naɗe dardumata in ce sai gobe.